Goggo Tasallah, Mai Gaya wa Uwa

"Kin makara, likita," in ji Hamsatu, tana karɓar jakata a bakin zaure. "Tun hantsi anka kai ta. Ta ce kada a jira kowa, balle ke da ba ki da lokaci."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka na ji rasuwarki daga bakin 'yarki, Goggo Tasallah, ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1981, a gidanki na Bagudo. Ƙanwar kakana ce ke, amma kowa a garin Goggo yake ce miki. Kin haura tamanin.

Masu zaman makoki sun yi ta faɗin alherinki: furar da kike aika wa masu jinya, da yadda kika shekara arba'in kina zama a inuwar ɗakin shan magani ba wanda ya ɗauke ki aiki. Ba wanda ya faɗi abin da ya kai ki can. Ni kin gaya mini, sau ɗaya.

Shekarar sanƙarau ce, Turawa ba su cika shekara ashirin a ƙasar ba. Wani likitansu ya zo rangadi ya kafa rumfa a garin Lolo, kusa da iyaka. Ɗanki na fari, mai shekara huɗu, wuyansa ya sandare. Riskuwa, yayar mijinki, ita ta goya shi tana kuka. Ke kina biye a baya, kina kallon wani wuri, domin ba a san uwa da nuna damuwa kan ɗan fari ba. Ko sunansa ba kya kira.

Bature ya tambaya wace ce uwar. Tafintansa ya nuna mai kukan. Ita aka ja gefe aka gaya wa yaron ba zai wuce kwana biyu ba, kada ta rabu da shi. Riskuwa ta dube ki, tausayi ya kama ta, ta ce, "Ya ce da sauƙi." Kunya ta hana ki sake tambaya.

Da safe kika tsallaka ɓangaren Faransa neman saiwa wurin wata mai magani 'yar ƙabilar Dendawa. Kafin ki juyo, sojojinsu sun rufe iyaka saboda annobar. Kwana uku kina zaune a gindin tsamiya, saiwar na ƙulle a bakin zanenki. Da kika iso, har ƙasar kabarin ta bushe.

Ba ki zargi kowa ba. Kin ce Baturen ya faɗi gaskiya, Riskuwa ta yi tausayi, ke kuma kin yi tarbiyya. Kowa ya yi daidai, sai dai yaron ya mutu ba uwarsa.

Tun daga nan kika koma koya wa malaman asibiti aikinsu, suna so ko ba sa so. "Bar kallon mai kuka," kike ce musu. "Dubi wadda ta ba da baya tana gyaran kallabi." Sai ki je ki zauna kusa da ita, ku duka kuna fuskantar bango, ki ce a hankali, "Ɗiyata, kada ki yi nisa yau." Ba ki sa ta kira suna ba, ba ki sa ta yi kuka gaban surukai ba. Amma ta ji.

Bara kika zo Sakkwato a duba miki ido, kika biyo ni ɗakin jinyar yara. Kika gan ni tsaye kan gadon wani yaro, ɗalibai sun kewaye ni, muna ta Turanci. Daga baya na kira mahaifinsa da kakarsa zuwa waje na yi musu bayani, mai kyau kuwa, irin wanda ake cin jarrabawa da shi.

"Wa yag gaya ma uwar?" kika ce.

"An sanar da dangi, Goggo."

"Ban tambaye ki dangi ba."

Na ce miki wannan kunyar tsohuwar al'ada ce, ita ke hana mu aiki. Kika ce, "To, ku jira ta mutu, kahin nan ɗiyan mutane na mutuwa." Kika lallaba da sandarki zuwa wurin wata yarinya da ke bakin taga tana ninke zane, wadda ni na ɗauka mai rakiya ce. Washegari yaron ya cika a kan cinyarta.

Abin da na yi miki a ranar shi ne faɗan shiga ɗakin jinya ba lokacin ziyara ba. Na yi niyyar zuwa in ba ki haƙuri da Sallah, sannan bayan jarrabawar ɗalibai, sannan in hanya ta bushe. Shekara shida na yi a jami'a, ba a koya mini wa ake kallo ba, kuma da aka zo koya mini kyauta sai na duba agogo.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki. Ya sada ki da yaron nan a inda za ki kira shi da sunansa ba mai ganin laifinki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Hamsatu da Lauwali da jikoki, da matan Bagudo, Lolo da Dole Kaina da kika zauna kusa da su. Allah ya ba mu haƙuri.

Hamsatu ta ce in tsaya a yi addu'ar uku. Na ce ba zan iya ba. Akwai yarinya a gadon ƙarshe na ɗakinmu a asibiti, 'yar fari ce, jikinta ya yi nisa, kuma da mahaifinta kaɗai na yi magana.

Ta dube ni, ta miƙo mini jakata. Na ja ƙofar ɗakinki na rufe, na nufi tasha.