Numfashin Mai Sarewa

Shekarar da ƙanena ya dawo daga karatu a Yamai, ni ke tsaron butikin mahaifinmu a kasuwar Difa. Mu mutanen Damagaram ne, shinkafa da mai da sabulu muke sayarwa. Ƙanen nawa ya zuba mini waƙoƙi a salula, har da ta wasu makaɗan ƙasar Japan. Suna da ganguna da jita irin na zamani, kiɗan ma mai sa kaɗa kai ne, amma cikinsu akwai wata mace mai kaɗa wani abu kamar gurmi, da wani namiji mai busa doguwar sarewar gora. A tsakiyar waƙar sai komai ya ɗauke, a bar sarewar ita kaɗai. Kafin ya busa, ana jin mutumin ya ja numfashi, da ɗan kakari a ƙarshensa.

A gefen butikin akwai wata tsohuwa Babarbariya mai kasa busasshen tattasai. Daga Barwa ta zo, lokacin da tashin hankali ya watsa garin. Ba ta da yawan magana, Hausarta ma ta ciniki ce. Wata rana bayan la'asar na kunna waƙar. Da aka zo wurin sarewar sai ta saki tiyar da ke hannunta, tattasai ya zube, ta taso ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗana, ina ka samo shi?"

Na ce mata, Iya, kiɗan wata ƙasa ce mai nisa, can bayan teku. Ta girgiza kai. Ta ce mijinta masunci ne, yakan busa sarewa a bakin ruwa in ya gama shanya taru. Ran da suka gudu ya koma don ya ɗaure kwalekwalensa, ba a sake ganinsa ba, ba gawa ba labari. Ta ce busa kowa na iya kwaikwaya, amma wannan kakarin tun wani ciwon ƙirji da ya yi yana saurayi yake da shi.

Na kira ƙanena ya nuna mata bidiyon waƙar. Ta daɗe tana kallon mai sarewar, matashi ne, idanunsa a rufe.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "To, wa ya ba shi numfashin mijina?"

Daga nan kullum bayan la'asar sai ta roƙi in kunna. Sannu a hankali mutanen garinsu suka fara biyo ta, tsofaffi maza da mata. Ba sa zama ko na miƙa musu benci. A rana suke tsayawa, ba mai motsi, har sarewar ta wuce. Da ganguna sun dawo sai su juya su tafi. Masu saye suka fara kauce wa butikin. Mahaifina ya ce in daina, abin bai kwanta masa ba, amma na kasa hana ta.

Wata rana ta saurara har ƙarshe, ta ce yau ya canja busa. Ni ban ji wani canji ba, waƙa ce dai a salula. Amma wani tsoho cikinsu ya gyaɗa kai, sauran ma haka, kuma ba wanda ya dubi wani. Na tambaye ta me ya canja.

"Ya gajarta. Haka yake yi in yana kira a zo a ɗauki kifi."

Washegari ba ta kasa tattasai ba. Maƙwabciyarta ta ce ta ɗaure kayanta ta shiga motar Boso za ta koma Barwa, duk da ana hana ta. Sauran ba su sake zuwa ba, in mun haɗu a kasuwa ma sai su sunkuyar da kai.

Bayan damina wani direba mai jigilar kifi ya gaya mini ya gan ta a Barwa. Ta gyara ɗakinta, ta yi sabon shinge, lafiyarta ƙalau har ta yi ƙiba. Ya ce abincin mutum biyu take dafawa. Da ya tambayi maƙwabta wa ke cin kwano na biyu, sai suka shiga tambayarsa nawa ne kuɗin mota zuwa Difa.