Filash Ɗin Surukina

Ni fa ba na barin kowa ya soka filash a kwamfutata. A makarantar da nake koyarwa a Lafiya har cewa suke ni marowaciya ce. Su yi ta faɗa! Na san yadda bairos ke bin filash daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan, kamar ƙwarƙwata a kan 'yan aji ɗaya. Kuma muryar Inna, mahaifiyata, na cikin kwamfutar nan. Kafin ta rasu na yi ta zirga-zirga zuwa Kwandere ina ɗaukar waƙoƙinta na daka da na rarrashin yara, dukansu da Gwandara, yaren da ni tashin gari ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Kullum ina cewa zan kwafe su in ajiye a wani wuri dabam, kullum sai gobe.

Wata Asabar da hantsi surukina ya iso daga Agyaragu. Bayan ya sha ruwa ya kwance bakin hankici, ya fito da filash. Sunayen 'yan ƙungiyarsu ta manoman doya ne a ciki, yana so a gyara guda biyu kafin ya kai ofis don rabon taki.

"'Yata, shago uku na kai, kowanne ya ce layi ya yi yawa ko injinsu na gardama. Na ce ai muna da malama a gida."

Shago uku! Maigidana ba ya nan balle in tura shi ya yi magana. Ina durƙushe, kaina a ƙasa. Da wane bakin zan ce wa uban mijina abinsa na ɗauke da cuta? Mutumin da ko sunansa ban taɓa furtawa ba?

"To, Baba," na ce. Da hannuna na soka.

Na gyara sunayen, ya yi ta sa mini albarka, na raka shi ya hau keke napep. Na dawo na kasa zama. In ɗora tukunya in leƙa kwamfuta, in ɗauki tsintsiya in sake leƙawa. Kafin la'asar abin da nake tsoro ya faru. Sunan kowace waƙa ya rikiɗe ya koma tarkacen haruffa, in na danna sai shiru.

Kwana tara ina yawo da kwamfutar a jaka. Mai gyara na farko ya ce in dawo jibi, na dawo ya ce jibi. Na biyu, bayan kasuwa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Madam, ba ki san ba a sa filash ɗin waje ba?"

Wallahi saura ƙiris in mare shi. Ni zai koya wa? Na uku dattijo ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ceto mini jadawalin darasi da tsoffin tambayoyin jarrabawa, abubuwan da ko a kyauta ba na so. Waƙoƙin kuwa ya ce in yi haƙuri.

Haushin kaina nake ji, ba na Baba ba. Shi har yau bai sani ba, kuma na hana maigidana ya gaya masa. Duk zuwansa sai ya yabi aikina, ni kuwa in ce na gode.

Bayan sati biyu autata ta yi zazzaɓi, tana ta rigima a bayana. Ta saba in kunna mata waƙar Inna idan ta ƙi barcin rana.

"Mama, sa mini ta Kaka."

Na ce kwamfuta ba ta da lafiya.

"To ke ki yi."

Na buɗe baki. Karin waƙar na nan a kunnena tsaf, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Sai na rufe bakin, na yi ta jijjiga ta ina gunguni ta hanci, hawaye na zuba. Ta saurara kaɗan, sannan ta ɗago kai.

"Mama, ina maganar cikin waƙar?"