Hutun da Lawal Ya Kai Ni Gona

Jama'a, yau an sa ni barci da rana tsaka, na tashi a gajiye tiɓis!

Lawal, ɗan ƙanena da gwamnati ta tura karatu Ingila, ya dawo Daudawa da sabon ilimi. Wai da magana kawai yake raba mutum da halin da ya dame shi. Ya ce zai raba ni da goro.

Ya kwantar da ni bisa tabarma, ya sassauta murya. "Baba, rufe ido. Saki jikinka. Ga ka a gonarka kana hutawa."

Wallahi sai ga ni a gonar! Ciyawa ta shanye audugar. Ba ɗan ƙodago ko ɗaya, duk sun tafi leburanci Kaduna.

Ya ce, "Me kake gani?"

Na ce, "Aiki."

"Baba, huta mana."

"A gona? Wa ya taɓa hutawa a gona?"

Na farka sharkaf da gumi, ƙugu na ciwo. Wai ko sha'awar goron ta tafi?

Na ce, "Miƙo mini biyu. Ɗaya na gonar da ka kai ni, ɗaya na wadda ke jirana."