Husna ta daina karɓar magani daga hannuna

"Hajiya, ko kalma ɗaya ba zan buga ba sai na karanta miki." Haka ka ce min a bakin gadon asibiti, kai ɗan jaridar da na bari ka shigo, ina kwance da ɗanyen ɗinki a cikina.

Ba ka karanta min ba.

'Yan'uwa da abokan arziki, na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu turo ya jiki, ku yafe ni. Yau dole na yi magana, don 'yata Husna tana cikin haɗari, kuma wannan karon ba cuta ce ta jefa ta ba.

Da zazzaɓi abin ya fara, tana firamare. A Haɗeja wa ke ɗaga hankali kan zazzaɓin damina, ruwa kwance a fadama, sauro ko'ina? Na yi abin da kowace uwa take yi. Na jiƙa tsumma na goga mata, na ba ta farasitamol yadda aka rubuta, na dama kunu. Da ya ƙi sauka na kai ta asibiti. Aka ce maleriya. Ya tafi, ya dawo. Aka ce taifot.

Haka muka yi ta yi, shekara da shekaru.

Wata safiya ta tashi fuska a kumbure. Takalmin makaranta ya ƙi shiga. Fitsari ya ragu, ga kumfa. Aka tura mu Kano.

Gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ciki. Likita ya ce, "Maman Husna, tun haihuwa fitsarinta ke komawa sama yana cin ƙodojin. Yawancin zazzaɓin nan daga nan yake."

Na ce, "Likita, ni na jawo?"

Ya ce, "A'a. Da shi aka haife ta."

Sai wankin ƙoda. Haɗeja zuwa Kano, Kano zuwa Haɗeja, tana amai a mota. Gonar shinkafar babanta ta tafi. Ga kogi a bayan gari, amma ruwan shan 'yata da ƙaramin kofi ake auna shi. Ta kan ce, "Umma, ki jiƙa min leɓe kawai."

Aka gwada mu don dashen ƙoda. Babanta hawan jini ya hana shi. Tawa ta dace.

Da na farka daga aikin tiyata, wata nas ta raɗa min, "Ƙodarki ta kama, jakar fitsarinta har ta cika." Ban taɓa zaton zan yi kukan murna a kan fitsari ba.

A wannan halin ka same ni. Na ba ka labarin nan yadda na ba 'yan'uwa yanzu. Ga kanun da ka buga: wai uwa ta lalata ƙodar 'yarta da maganin gida, ta biya da tata. Ka yi yabon aikin dashe, ka sa hoton manyan baƙi, sannan ka ƙara sakin layi kan jahilcin matan karkara da jiƙe-jiƙensu. Yaushe na ambaci jiƙo? Aikina gyara rubutun ɗalibai ne. Na duba naka da jan biro, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Ƙarya ce tsaf, an rubuta ta da kyau.

Surutun mata a gidan suna na shanye. Amma wata 'yar ajinsu ta nuna wa Husna labarin a waya.

Wanda aka yi wa dashe yana shan magani safe da yamma har ƙarshen ransa. In ya bari, jikinsa zai yaƙi ƙodar ya kashe ta. Yanzu in na miƙa mata sai ta kau da kai. "Umma, ajiye. Abba zai ba ni."

Abbanta a Birniwa yake aiki, ba kullum yake gida ba. Wata rana ina shara na ɗaga katifarta, na ga ƙwayoyin a jere.

Gwajin da aka yi na baya-bayan nan bai yi kyau ba. Likita ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Da muka fito ta ce, "Rufa miki asiri yake, Umma. Ai an buga a jarida."

Ba ni da wata ƙodar da zan ba ta.

Na kira ka, ka ce za ka duba. Na kira editanka, ya ce labarin ya wuce.

Likitoci da nas-nas, maƙwabtan da suka riƙe min gida, direban da ya riƙa ajiye mana gaban mota, Allah Ya saka muku da alheri.

Iyaye mata, ku ci gaba da goga tsumma, ba laifi ba ne. Amma in zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, ku ce a gwada fitsari, ko da an ce maleriya ce. In fuska ta kumbura da safe, kada ku jira. In mai ɗaukar labari ya zo muku kan gadon jinya, ku ce ya dawo in kun warke.

Kai kuma, na ba ka zuwa Juma'a, kafin a sauko daga masallaci. Ka kira likitan, ka buga gyara da manyan baƙaƙe irin na farko. In ba haka ba, Litinin muna da ganin likita a Kano. Ana gama ɗibar jininta zan kawo ta ofishinku, da maganin da gorar ruwa. Ka dubi idonta ka gaya mata kai ka ƙirƙira. Ba za mu tashi ba sai ta haɗiye.