Ranar da Likita Ya Hana Ni Ɗaukar wa Hajiya Buta

Ku da kuka shigo aikin kula da tsofaffi yanzu, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Lokacin an hana mata hawa acaɓa ne, ina zuwa daga Gama kullum safe, ina kula da wata Hajiya a Nassarawa, uwar wani babban ma'aikacin gwamnati.

Ni dai a aikina ba a taɓa kushe ni ba. Tsarina shi ne tsohuwa ba ta motsi ina wurin. Ni ke kai buta, ni ke shimfiɗa darduma, in ta yunƙura in ce ta zauna. Duk da haka ƙafarta kullum ƙara mutuwa take, ga jiri, ga haki, har salla ta koma a zaune.

Da muka je asibiti na ce wa likita ƙafa ce ke damunta. Ya duba ƙafar kaɗan, ya koma kan ƙirji. Wai hanyoyin jininta sun yi tauri kamar tsohon tiyo, zuciyar ma ta yi tauri, tana turo jini da ƙyar, shi ya sa ƙafa ba ta samun ƙarfi. Ya ba da magani, ya ce a rage gishiri. Sannan ya tambayi wa ke yi mata hidima. Na gyara mayafi na ce ni ce.

Ya ce, “To Iya, ki rage. Ta riƙa takawa da kanta kullum, ki bi ta a baya kawai.”

Kaina ya ɗaure. Ciwo a ƙirji, magani a tafiya? Mai haki kuma a ce ta ƙara motsi?

Haka na bi umarni, raina ba daɗi. Wata la'asar ɗan nata, Alhaji, ya dawo daga ofis ya tarar da uwarsa tana dafa bango da buta a hannu, ni kuwa ina bayanta hannu rabbana. Ya ce shi bai ɗauko ni don in yi kallo ba, in na gaji in faɗa a nemo wata. Na kawo maganar likita, ya ce likita ba shi ya haife shi ba.

Hajiya ta tsaya ta huta, ta ce, “Kai, ba ni hanya. Jiya raka'a biyu na yi a tsaye.”

Alhaji ya matsa gefe. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma sallame ni ba.

Na yi shekaru a gidan bayan nan. Har gobe ban gane yadda zuciya ke kashe ƙafa ba, kuma duk sanda ta ɗauki butar nan sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Abin da zan gaya muku dai, a aikin nan akwai ranar da za a biya ku don ku riƙe hannunku, kuma ta fi kowace rana wuya.