Jarrabawar Goron Kofur Bukar

Ku da kuka san Kofur Bukar, Allah ya jiƙansa, kun san ba ya karɓar hannun mutum sai ya gama da ƙafarsa. Kana miƙa masa hannu zai sunkuya ya cafki sha-raɓarka, ya matsa kamar mai tayin rago a kasuwa, sannan ya ɗago ya faɗi abin da ya ji, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Liman bai tsira ba, mai unguwa bai tsira ba. Ni kuwa da nake taubashinsa, ga ni tela mai wuni a zaune, ai na sha. Kullum sai ya ce, "Isa, wannan ba ƙafa ba ce, lagwani ne." Ni kuma in ce, "Da lagwanin nake taka keken da ke yi wa wandonka faci, bawana." Wandon nan na kaki da ya dawo da shi daga soja, na yi masa faci har ba wanda zai iya nuna ainihin yadin, amma ya rantse ba zai ɗinka sabo ba, wai wannan ne ya san shi.

Ya yi yaƙin Turawa na farko, ya taka har ƙasar Kamaru ya dawo da igiya biyu a hannun riga. Da aka buɗe elementare a garinmu, nan gabas da Haɗejiya a bakin fadama, aka rasa mai koya wa yara atisaye, sai aka ɗauke shi. Wallahi tun ranar da aka damƙa masa usur garin nan ya yi ban kwana da barcin safe. Kuna dariya, ni ma zan taya ku, amma ku sani ni labarin nan ya daɗe da daina yi mini daɗi, saboda Habu. Habu shi ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Duk garin nan ba wanda ya kai shi son cin jarrabawar ubansa, kuma ba wanda ya kai shi faɗuwa.

Jarrabawar kuwa Kofur ne ya ƙirƙiri abarsa. Idan ruwa ya fara janyewa daga fadama, an yanke shinkafa, laka ta yi kauri, sai ya jera yara a gindin tsamiyar makaranta. Ba 'yan makaranta kaɗai ba, har samarin gari da suka bar ta da waɗanda ba su taɓa shiga ba, duk mai so ya zo. A ruga cikin laka har bakin kogi, a haye da iyo, a taɓa giginyar da ke tsallake, a dawo. Agogonsa goro ne. Yana busa usur zai jefa goro a baki, wanda ya dawo ya tarar da saura a kumatunsa ya ci, wanda ya tarar ya haɗiye ya faɗi. Babban malami ya taɓa cewa zai ara masa agogo, ya ce, "Agogo yana tsayawa, Malam. Haƙorina bai taɓa tsayawa ba."

To, amma kun san Kofur da tsimi. Shekarar da goro ya yi tsada sai ya ɓanto ɗan mitsitsi, bai fi farcen yaro ba. Bayin Allah ko bakin ruwa ba su kai ba ya wage baki ya zaro harshe ya kwatsa ihu, "Kun faɗi! Ku dawo!"

Babban malami ya ce, "Haba Kofur, bara fa goro guda ka ci."

Ya ce, "Bara goro na araha. Su je su yi ƙarar fatake."

Wanda ya ci, Kofur kan ɗaura masa igiyar kaba da ya tufka da hannunsa ya rina ja, a damtse. Kai! Sarauta ce. Ranar kasuwa za ka ga samari sun naɗe hannun riga don a gani, 'yan mata masu tallan fura suna satar kallo. Har masunta daga wajen garin Baturiya sun riƙa turo 'ya'yansu a gwada su.

Akwai shekarar da Baturen makaranta ya zo rangadi, da ɗan littafinsa na atisaye da tef ɗin awo irin namu na teloli. Ya auna ƙirjin yara, ya sa su sunkuya su taɓa yatsun ƙafa. Kofur ya ƙame ya sara masa, ya ce wa tafinta, "Gaya wa Bature, ransa ya daɗe, wannan ruku'u ne, kullum muna yi a masallaci kuma ba wanda ya yi ƙarfi da shi. Ga Liman can shaida." Tafinta dai ya yi 'yan kame-kamensa. Matsalar ita ce Baturen gajeren wando ya sa, ga sha-raɓa nan a fili jawur, duk cizon sauro. Ina tsaye a cikin 'yan kallo na ga idon Kofur ya sauka a kanta, na ce a raina, innalillahi, yau za a kai mu Kano a ankwa. Sai kuwa ya sunkuya, caraf! Babban malami ya dafe kai. Bature ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Kofur ya ɗago ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Doki ya cuce shi."

Allah ya sa Baturen mai raha ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambayi mece ce jar igiyar nan a hannun samari, aka yi masa bayani, ya ce abin ya yi kyau, a ci gaba. Shi ke nan muka shiga uku. Daga ranar ko gardamar farashin kifi ake yi da Kofur sai ya ce, "Ni da Bature ya yaba?"

Habu kuwa siriri ne, ƙirji ba faɗi, uwarsa ya ɗauko. Iyo ya iya kamar tarwaɗa, laka ce ke cinye shi. Duk shekara zai dawo yana haki, jikinsa baƙi ƙirin da taɓo, ya tsaya gaban ubansa yana kallon bakinsa. Kofur ya buɗe baki, wayam. Kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "yaron nan". Ba zai ce masa sannu ba, ba zai ce ka yi ƙoƙari ba, sai ya kau da kai ya ce, "Na baya." Yaro ya bar makaranta, ya fara gemu, yana bin kwalekwalen kawunsa, sa'anninsa duk da igiya, har na bayansa sun samu, shi hannunsa fayau. Amma duk kaka sai ya dawo ya shiga layi da ƙananan yara, ya fi kowa tsawo. Abin na ba ni haushi har wuya.

Matar Kofur, Ya Falmata, ita ma kunya ba ta barin ta yi magana, sai ta aiko a kira ni. Ta ce daga bayan zana, "Malam Isa, kai ne abokin wasansa. Ka ce masa ya ɗan sassauta haƙori. Yaron nan ba ya cin abinci." Na je na same shi yana tufkar kaba, na ce, "Bawana, wa zai sani in ka ɗan ajiye goron a gefen kumatu? Ba fa alƙali a bakinka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Goro bai san ɗa ba."

Na ce, "Goro bai sani ba, kai fa?"

Ya ce, "Ni ma'aikacin goro ne." Kuma na rantse da Allah a shekarar har saurin tauna ya ƙara, don kada a ce.

Sai shekarar da yaƙin Turawa na biyu ya yi zafi. Habu ya kwashe damina yana gudu cikin laka da sassafe, shi kaɗai, da damin ciyawa a ka. Ranar jarrabawa na rufe keke na je. Muka hango shi ya fito daga ruwa, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya iso da rarrafe ya dafa tsamiya. Kofur ya tofo abin da ke bakinsa a tafin hannu, ɗan ja kamar ƙwayar dawa, ya ɗaga sama ya zagaya da shi yana nuna wa kowa. "Ku gani da idonku! Kada gobe wani ya ce!" Sannan ya ɗaura masa igiyar. Ran nan mutumin da ke raba goro ɗaya kwana da kwanaki ya saye na faifan mai goro kaf ya rabar. Ni ma na samu guda, na ce ashe zan ga wannan rana kafin in mutu.

Ba a yi nisa ba aka aiko daga sama, ana son majiya ƙarfi daga kowane gari, a kai su haƙar kuza a duwatsun Jos. Ɗiban gwamna, kun tuna. A wasu garuruwan dagatai sun sha wahalar tantance wa ke da ƙarfi wa ke da ciwo, kowa ya zama gurgu dare ɗaya. A garinmu kuwa an hutar da dagaci. Ranar kasuwa ya fito da 'yan doka, ga samari nan sun naɗe hannun riga kamar yadda suka saba, aka bi jar igiya ana tsinta kamar ana tsinke kuɓewa. Wanda ya tsinke tasa ma bai tsira ba, don ba yaron da bai san waɗanda suka ci jarrabawar Kofur ba.

Na bi Kofur zauren dagaci. Ban taɓa ganin Kofur ya durƙusa wa mutum ba sai ranar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jarrabawar nan wasan yara ce. Kuma ta bana na yi maguɗi. Goron ƙato ne, na ɓoye shi a kumatu. Habu bai ci ba." Jin sunan a bakinsa ya sa tsigar jikina ta tashi, tunda aka haifi yaron ban taɓa ji ba.

Dagaci ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kofur, da wani ne ya faɗa da na yarda. Kai da ka yi shekara da shekaru kana kayar da shi a gaban jama'a? Kai da ka zagaya da goron kana cewa mu gani da idonmu? In na cire naka, me zan ce wa iyayen sauran?"

Kofur ya ce, "To a ɗauke ni a madadinsa. Na fi shi ƙafa." Wani ɗan doka ya dubi furfurarsa ya yi dariya.

Habu yana zaune a ƙasa cikin waɗanda aka tara. Ya miƙe, bai dubi fuskar ubansa ba, ya ce a hankali, "Baba, don Allah kada ka ce ban ci ba. Na ci." Da igiyar a hannunsa aka tafi da shi.

Wasu sun dawo bayan watanni, sun rame sun yi baƙi, suna tari. Habu bai dawo ba. Wani ɗan Kirikasamma da suka kwana bukka ɗaya ya ce aikin bai gagare shi ba ko kaɗan, har yabonsa ake yi wajen ɗaukar kwanon ƙasa. Sanyin dutse ne ya shiga ƙirjinsa, ga ruwan sama, ga ba mayafi, ga abinci ba ya isa. A can aka binne shi, ba wanda ya iya gaya mana a ina.

Kofur bai bar aiki ba, an hana shi bari. Da kaka ta zagayo ya jera yara ya busa usur, suna juya baya ya haɗiye goron ɗungurungum har ya shaƙe, idonsa ya yi ja, ya ce, "Duk kun faɗi. Ragwaye. Ku tafi gida wajen iyayenku." Yara suka yi ta dariya, su a ganinsu sabon hauka ne. Haka ya riƙa yi har ya tsufa, ba wanda ya sake ci, kuma ba wanda ya kai ƙara.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je na zauna a gefen tabarmarsa. Na yi ta tsokanarsa yadda muka saba, ko zai tanka, bai tanka ba. Can sai ya ce, "Isa, kai ka taɓa zuwa Jos?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce duk bafataken da ya tambaya sai ya ce sanyin ba ya faɗuwa, sai wanda ya ji. Sannan ya ce, "Na koya masa gudu. Na koya masa laka, na koya masa ruwa. Sanyi ne ban sa a jarrabawar ba. Ta yaya ake koya wa yaro sanyi?"

Na ja bargo na rufe shi, ya ture.

Allah ya jiƙan Bukar, ya yafe masa taurin kansa, ya san ba da mugunta ya yi ba. Allah ya jiƙan Habu da duk 'ya'yan garin nan da ke kwance a duwatsun da ba mu san hanyarsu ba. Ya Allah ka haɗa uba da ɗa a inda ba sanyi, ka sa ya kira shi da sunansa. Amin.