Ranar da Na Sasanta Holan da Sifaniya

Ko tsufa ya kwashe min komai, ban ga ranar da zan manta ɓarnar da na yi wa wani Bature a Jidda da sunan gyara ba.

Lokacin ina zaune a unguwar Hindawiyya, na samu aikin gida wurin wani dattijo mutumin Holan, injiniya. Iƙamata, wato takardar izinin zama, saura wata ɗaya ta mutu, shi kuma ya ce in ya ji daɗin aikina zai zama kafilina, ya tsaya min a sabunta ta. Don haka har inda ba a sa ni ba gogewa nake yi.

A falonsa akwai wani faffaɗan tebur mai shuɗin fenti, cike da ƙananan jiragen ruwa na katako. Wallahi tausayi suka ba ni. Ƙyallayen da iska ke turawa duk a yage, sanduna a karye, gefensu baƙi ƙirin, ga auduga a maƙale ko'ina. Na ce a raina, gidan da babu mace ke nan. Ni kuwa 'yar tela ce, in na ga yagagge hannuna ƙaiƙayi yake.

Da ya yi tafiyar kwana uku na zage. Na ɗinke ƙyallayen tsaf, na manne sandunan da gam, na wanke baƙin da sabulu, na zubar da audugar. Wani babban jirgi da ya kife na tashe shi. Sannan na jera su sahu-sahu kamar masallata, na koma gefe ina yaba kaina.

Direban gidan, Bahaushen Sudan, ya leƙo ya dafe kai. Ya ce shekara biyu maigida ya yi yana haɗa su, yaƙin kakannin maigidan ne da mutanen Sifaniya a teku, kuma da gangan ya yaga ya ƙona. Audugar ma hayaƙin igwa ce.

"Halas, yaya, taki ta ƙare," in ji shi. "Yalla, ki fara haɗa kayanki."

Na yi kuka har na gode Allah.

Maigida ya dawo ya tsaya a gaban teburin. Ya ɗaga babban jirgin, ya tambaye ni da gurgun Larabcinsa ko na san wannan na abokan gaba ne, wanda ƙananan jiragen Holan suka taru suka nutsar. Na ce ni dai na ga bayin Allah a wahale ne.

Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Shekara tamanin muna faɗa da su," ya ce, "ke kin sasanta mu a kwana uku."

Ya sa tabarau ya duba ɗinkin, ya ce duk zamansa bai samu mai hannu irin wannan ba. Washegari ya sa hannu a takarduna. Sati biyu muka yi muna sake yaƙin tare, yana ba ni labari ina yaga abin da na ɗinka, direba yana mana dariya. Ni aka ba Sifaniya, aka kuwa ci ni da yaƙi, ban taɓa jin daɗin shan kaye irin wannan ba.

Allah ne ya rufa min asiri, ba wayona ba. Tun daga ranar, ko zuciyar mutum na gani a yage, sai na tambayi mai ita kafin in zare allura.